Kowa Daga Tsani Yake Faɗowa

Nas ɗin ta miƙa mata baƙar leda, ko fuskarta ba ta duba ba. "Kayansa ne. Da almakashi muka cire su, sai haƙuri." Kafin Anti Sitati ta buɗe baki an tura gadon cikin ɗakin hoton ƙashi, ƙofa ta rufe. Abu na ƙarshe da ta gani shi ne tafin ƙafafun ƙaninta, sun baje gefe da gefe kamar ba nasa ba.

Minti arba'in da suka wuce tana shagonta na wanki da guga, tana kan wuyan wata farar riga, aka kira ta aka ce ƙanin nata Auta ya faɗo daga tsani a wurin aiki. Ta zare dutsen guga daga wuta, ta ja ƙofa, ta faɗa bas ɗin farko da ta tsaya, sai da suka yi nisa ta tambayi kwandasta ko ma hanyar asibiti za su bi. Shekara ashirin da biyu tana wannan sana'a, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Kowa Anti Sitati yake ce mata, saboda rigar da ta fito daga hannunta tana iya tsayuwa da kanta.

A kan bencin baranda mutum biyu suka miƙe da ganinta: Oga, shugaban masu fentin da Auta yake aiki da su, gajere mai faɗin ƙirji, da wani dogon siriri da suke kira Rola.

"Garin yaya?" ta tambaya.

"Tsautsayi ne, Anti," in ji Oga. "Muna bangon gabas, ya hau da bokiti, tsanin ya zame."

"Daga mataki na tara," in ji Rola.

"Na tara," Oga ya tabbatar.

"Da baya ya sauka?"

"Da baya," suka haɗa baki.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ita mace ce da ba ta iya barin abu ya wuce ta. In aka kawo mata riga da tabo, sai ta san na mene ne ko mai rigar bai faɗa ba: ta shinshina, ta karta da farce, ta ɗaga shi a haske. Yanzu ma, wani ɓangare na kanta ya koma gefe ya zauna yana tambaya. Wa yake tsayawa ƙirga mataki alhali mutum yana faɗowa?

Ƙarfe tara da ɗan wani abu aka bar ta ta shiga. Auta yana kwance a miƙe a kan gado, an ɗaure masa wuya da wata roba mai tauri, idanunsa ne kawai suke motsi. Shekararsa talatin da huɗu, amma a haka sai ta ga yaron da ta goya.

"Yaya," ya ce, murya a dushe. "Ba na jin su."

"Za ka ji. Yi shiru."

Likitar da ke kansa ’yar siririya ce, da ƙyar in ta kai talatin, biro uku a aljihun farar rigarta. Ta yaye mayafin, ta ɗauki wani ɗan tsinken ƙarfe ta soma taɓa shi daga yatsun ƙafa tana hawowa.

"Nan?"

"A'a."

"Nan?"

"A'a."

Gwiwa, cinya, ƙugu, duk a'a. Sai da ta zo daidai cibiya ya ce, "Nan kam na ji." Ta zare baƙin biro ta ja layi a kan fatar cikinsa daga gefe zuwa gefe, ta rubuta lokaci a kusa da shi: 9:20.

"Kanka ya bugu?"

"A'a."

Ta juya gwiwar hannunsa, ta duba tafukansa, ta duba kafaɗu. "Ikon Allah. Kai ne na farko da na ga ya faɗo daga tsani ko ƙwarzane babu. Wace irin ƙasa ce a wurin, katifa?"

Auta ya rufe ido.

Anti Sitati ta kai dubanta ƙarƙashin gado, inda aka rataye ledar fitsarin da ke haɗe da robar da aka sa masa. Abin da ke ciki baƙi-baƙi ne, kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ta ga likitar ma shi take kallo, ta ɗan karkata kai, tana taɓa leɓenta da biro.

Sha ɗaya saura aka sake gwajin. Wannan karon tsinken ya wuce cibiya Auta bai ce komai ba. Likita ta ja sabon layi, yatsa biyu a saman na farko. Sannan ta yafito Anti Sitati zuwa baranda.

"Ke ce yayarsa?"

"Ni ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To ki saurare ni, zan gaya miki yadda yake. Hoton bai nuna karaya ba, ƙashin bayansa lafiya lau. Amma a cikin ƙashin akwai laka, ita ce igiyar da ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafa. Wani abu ya same ta. In faɗuwa ce, wataƙila jini ne yake taruwa yana danne ta, wannan kuma aikin likitan tiyata ne. Yana ɗakin aiki, na tura masa saƙo. Babbar na'urar da za ta nuna mana lakar kuma akwai mutum uku a gabanmu da su ma ba sa iya jira."

"In ba faɗuwa ba ce fa?"

Likita ta dube ta da kyau a karon farko. "Me ya sa kika tambaya?"

"Tambaya ce kawai."

"In ba faɗuwa ba ce, da tuni na soma wani abu daban. Akwai maganin da ake sa wa a ƙarin ruwa in kumburi ne, amma ba irin wanda ake bayarwa da ka-ce-na-ce ba ne. Abin da ke damuna shi ne layin nan yana hawa. In ya kai ƙirji, ba maganar tafiya za mu yi ba, maganar numfashi za mu yi." Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta juya. "Sha biyu da rabi zan dawo."

Anti Sitati ta nemi wani benci can ƙarshen baranda, nesa da masu fenti, ta zauna. Sai a lokacin ta tuna da ledar da ke hannunta, ta riƙe ta tamau har ta yi gumi. Ba ta da abin yi, hannunta kuma bai saba zama ba. Ta kwance ƙullin.

Takalman aiki ne a sama, masu ƙarfe a baki. Ta zura hannu a cikinsu, ta zazzage ledar, babu safa. Auta da ko silifas yake sawa da safa, har ana yi masa dariya. Ta ajiye wannan a gefe guda a ranta.

Singileti. Ɓangaren dama ya yamutse da ƙananan layuka masu tsari, irin shatin da buhun siminti yake bari in an daɗe a jingine da shi. Ta kai hanci. Tinar wanke fenti, gumin da ya bushe ya kwana, da wani tsami da ta sani sarai. An goge amai a gaban rigar, gogewar namiji, da busasshen tsumma.

Sannan wandon aiki. Nas-nas sun tsaga shi ta ɗinkin gefe, gaban ya fito a shimfiɗe kamar zane. Ta baza shi a cinyarta, ta bi shi da tafin hannu, sai hannun ya tsaya.

Ita ta goge wannan wando ranar Lahadi. Kullum tana yi wa Auta wandunan aiki biyu, tana sa musu kari mai kaifi ko da ya ce ba ofis za shi ba. Ga karin nan, tun daga ƙugu har ƙasa, miƙe sak. Wanda ya lanƙwasa gwiwa sau ɗaya tak, ko da ɗaura igiyar takalmi ne, sai karin ya karye a gwiwa, ya yi ɗan kumburi. Balle mai hawa mataki tara da bokiti a hannu. Wannan wandon ba a taka ko taku ɗaya da shi ba. Shatin ninkin da ta yi ma yana nan, gida huɗu. Babu ƙura a mazaunai, babu ɗigon fenti sabo.

Sa masa shi aka yi, yana kwance.

Abin mamaki, ba tsoro ta fara ji ba. Wani irin daɗi ne ya ratsa ta, irin wanda take ji in ta gano asalin tabo, sai bayansa kunya ta biyo. Ta ninke wandon, ta miƙe.

A wajen ajiye motoci ta same su, Oga yana zaune a bakin tsohuwar motarsu ta ɗaukar kaya, Rola yana shan ruwan roba. Tsanin yana ɗaure a sama.

"Wannan ne?" ta tambaya tana nuna shi.

"Shi ne, Anti."

Ta ƙirga matakan da ido. "Rola, shekara biyu da suka wuce da ka karye a hannu, daga mataki na nawa ka faɗo?"

Rola ya ƙware da ruwa. Ya dubi Oga.

"Na tara ne," ta ba kanta amsa. "Na tuna, don ni na wanke rigar, jan-baki ne a wuyanta, da shatin takalmin wani a baya. Wannan mataki na tara naku, ba za ku kira kafinta ya duba shi ba?"

"Anti, ki bar wannan maganar," in ji Rola yana sosa ƙeya. "Mijin ma ya bar unguwar."

Ta warware wandon ta shimfiɗa shi a kan bonet. "Oga, kai ka san fenti, ni na san guga. Dubi gwiwar nan. Kun sa masa wando, kun sa masa takalmi, kun manta safa. Wa ya goge aman?"

Oga ya daɗe yana kallon wandon. Sannan ya cire hular aikinsa ya ɗora a gwiwa.

"Shekara goma sha bakwai ina riƙe da yaran nan," ya ce. "A wurinmu kowa daga tsani yake faɗowa. Wanda aka daka a gidan mutane, tsani. Wanda ya sha ya faɗa kwata, tsani. Mai fenti in ya faɗo daga tsani babu mai tambayarsa komai, matarsa ta yi masa sannu, kamfani ya karɓe shi in ya warke. Tun kafin in zama oga haka na tarar. Rufin asiri ne, Anti, ba mugunta ba."

"Me kuka tarar da safe?"

"Jiya da muka tashi ya ce zai tsaya wanke burushi. Yau ƙarfe bakwai na buɗe sito, na gan shi a ƙasa tsakanin buhuna, a zaune a naɗe, kansa a kan gwiwa. Na ɗauka ya mutu. Muka yayyafa masa ruwa ya farka, ya ce mu ɗaga shi, muka ɗaga, ƙafafun suka bi ƙasa kamar igiya." Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wata ’yar takarda mai ƙyalli, an ninke ta ƙanana. "Wannan na tsinta a gefensa. Babu wanda ya gani sai ni da Rola."

Ba ta karɓa nan da nan ba. Ta san irin ninkin. Shekara uku da wata huɗu rabonta da ganinsa, tun lokacin da take tsintar irinsa a aljihun Auta, tun lokacin da ta kwantar da shi a ɗakin bayan shago tana sauya masa zanin gado sau huɗu a yini, yana rawar ɗari yana zaginta yana roƙonta, kafin a samu gurbi a gidan da suka riƙe shi wata shida. Hiroyin. Ko sunan ba ta son ji a bakinta, hoda kawai take cewa.

"Kun san likita tana can tana neman jinin da babu?" ta ce. "Awa huɗu ke nan ana jiran mai tiyata saboda tsaninku."

"Mu mun ɗauka ciwon baya duk ɗaya ne," in ji Rola a hankali. "Ko ta ina ya zo, ai bayan za su duba."

"Ba ɗaya ba ne."

Oga ya miƙa mata takardar. "Ki yi yadda kika ga dama, ƙaninki ne. Amma kada ki yi mana kallon ’yan iska. Ke ma ai kin taɓa kafa masa tsani. Wancan karon ba zazzaɓi kika ce wa mahaifiyarku ba?"

Ta karɓi takardar, ta naɗe wandon, ta juya.

Sha biyu da minti goma ta koma ɗakin. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta sunkuya daidai fuskarsa tunda ba ya iya juyowa, ta ɗaga takardar a gaban idonsa.

Bai yi musu ba. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige cikin robar wuyan.

"Sau ɗaya ne, Yaya. Wallahi sau ɗaya. Shaƙa na yi, ko allura ban taɓa ba."

"Ba wannan na zo ji ba. Likita za ta dawo yanzu. Kai za ka gaya mata ko ni?"

"Kada ki yi min haka." Muryarsa ta koma raɗa. "In suka rubuta a fayil shi ke nan. Kamfani zai gani, Mama za ta ji. Shekara uku ina gina sunan nan, Yaya, kowa ya manta. Mai gidan da muke wa aiki har mukullin ɗakinsa yake ba ni. Gara a ce ga gurgun da ya faɗo a wurin neman halak, da a ce ga ɗan hoda."

"Gurgu ka ji an ce? Kai ba ka ga cikinka ba, ni na gani. Layi biyu ne, na biyu ya fi na farko. Ta ce in ya kai ƙirji numfashi ne."

"Wataƙila ya tsaya da kansa."

"Wataƙila."

"Ki bar ni a kan tsanin, don Allah. Ke kaɗai kike da wannan bin diddigin, kowa ya yarda. In kika faɗa, ba ni ba ke."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta san da gaske yake, a yanzu dai. Ta kuma san cewa in ta yi shiru babu wanda zai taɓa zarginta, har shi. Sai ta ɗaga mayafin, ta sa farcenta a saman layi na biyu, yatsa ɗaya, ta danna har wurin ya yi fari. Fuskarsa ba ta motsa ba. Yana ta magana, yana cewa ta tuna hawan jinin Mama.

Ta saki mayafin ta fita.

A ɗan ofishin nas-nas ta samu likitar, tana tsaye tana cin biskit tana rubutu. Anti Sitati ta ajiye takardar mai ƙyalli a kan fayil ɗin da take rubutu a ciki.

"Bai faɗo ba. Jiya da yamma ya shaƙi wannan a sito, ya kwana a naɗe a ƙasa. Da safe abokan aikinsa suka sa masa kaya suka kawo shi."

Ta shirya wa kallon da ta saba gani, na mutumin da ya taka ƙazanta. Ba shi ta gani ba. Likitar ta ajiye biskit, idanunta suka buɗe kamar ɗalibar da tambayar da ta karanta ta fito a jarrabawa.

"Hiroyin? Tsaya. Ya daɗe da dainawa, sannan ya koma?"

Anti Sitati ta dube ta. "Wa ya gaya miki?"

"Shekara nawa?"

"Uku da wata huɗu."

"Na karanta shi, ban taɓa gani da idona ba." Tana magana tana jawo takardu, tana cika su da sauri. "Nas, a haɗa min ƙarin ruwa biyu a gado na shida, a ɗebi jini a duba ƙoda da tsoka. A kira ɗakin na'ura a ce musu maganar ta canza, ni zan sauko da kaina. A kira min babban likitan jijiya." Ta juyo. "Kumburin laka ne nake zato. An sha ganinsa a wurin waɗanda suka bari suka daɗe, rana ɗaya suka koma. Su yi barci, su farka babu ƙafa."

"Me ya sa sai wanda ya bari? Wanda bai bari ba ai ya fi shi sha."

"Tambayar da ba a gama amsawa ba ke nan. Wasu sun ce jiki ne yake gane tsohon abokin gaba, ya tashi faɗa da ƙarfi har ya daki lakar kansa. Wasu sun ce abin da ake cakuɗa hodar da shi ne. Wasu kuma sun ce doguwar kwanciya ce a naɗe, jini ya kasa kaiwa. Baƙin fitsarin nan ma daga kwanciyar ne, tsoka ce ta mutsuke, in ba a wanke ta da ruwa ba sai ta toshe ƙoda. Tun safe yake min ciwon kai, na rasa inda zan sa shi." Ta tsaya da biro a sama. "Ke yaya aka yi kika gane?"

"Karin wandonsa bai karye ba."

"Me?"

"Guga nake yi."

Likitar ta dube ta, ta girgiza kai tana murmushi, ta kwashi takardunta. A bakin ƙofa Anti Sitati ta riƙo hannun rigarta.

"Awannin nan da aka ɓata. Su ne za su hana shi tafiya?"

"Ban sani ba. Ko da tun bakwai aka gaya min, ba zan yi miki alkawari ba. Maganin wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Wasu suna tashi da sanda bayan watanni, wasu ba sa tashi. Abin da nake so yau shi ne layin ya tsaya."

Daga nan komai ya kama gudu. Aka ja layi na uku, ƙasa kaɗan da haƙarƙari, aka rubuta 12:40. Aka tura shi ƙasa ɗakin na'ura, aka dawo da shi bayan awa ɗaya, wani dattijon likita mai furfura a gira ya zo ya ɗaga hotuna yana nuna wa ƙaramar likitar wani dogon farin tabo a tsakiyar lakar, su biyun suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu kallon abin tarihi. Aka cire robar wuyan. Aka rataya wata ’yar kwalba kusa da manyan ledojin ruwa, ta soma ɗiga. Oga ya leƙo ta labule da hula a hannu, ya ga Auta ya kau da kai, ya ajiye ledar lemo a ƙasa ya koma.

Auta bai yi mata magana ba har la'asar. Ita ma ba ta nema ba. Ta jawo kujera ta zauna a ƙarshen gadon, tana kallon ledar fitsarin tana sauya launi kaɗan-kaɗan, daga baƙin shayi zuwa wanda aka ƙara wa ruwa. Amma tambaya ɗaya ta ƙi barinta, tana yi mata susa.

"Fushi kake, na sani," ta ce a ƙarshe. "Ka ci gaba da abinka. Abu ɗaya kawai za ka gaya min. Me ya faru jiya? Wani ya ɓata maka rai? Yarinyar nan ce ta kantin fenti?"

Har ta fid da rai, sai ya yi magana, idonsa a kan silin.

"Babu abin da ya faru. Shi ne abin. Aiki ya yi kyau, mai gida ya yaba. Na fito sayen tina na haɗu da wani da na sani a da, ya sa min a aljihu yana dariya, ya ce kyauta ce ta tsohuwar zuma. Na yi niyyar jefarwa. Sai na ce, shekara uku kowa yana cewa na warke, ni kuwa ban taɓa gwadawa ba. Ta yaya zan sani? So nake kawai in gani."

Ta gyara masa mayafi.

Ƙarfe biyar likitar ta dawo da tsinkenta. Ta fara daga ƙasa kamar kullum, ta wuce layi na farko, ta wuce na biyu. Anti Sitati ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Tsinken ya zo ƙarƙashin layi na uku.

"Nan?"

"A'a."

Ya haura shi da kaɗan.

"Nan?"

"Ina ji."

"Ka tabbata? Nan?"

"Ina ji, Likita. Da zafi ma."

Ba ta ja sabon layi ba. Kusa da 12:40 ta rubuta 5:00, ta mayar da murfin biro.

"Bai hau ba," ta ce.

"Sauka fa?" in ji Auta.

"Wannan ba tambayar yau ba ce. Gobe za mu yi maganar hodar ma, ni da kai, akwai mutanen da zan haɗa ka da su." Ta ja labule ta fita.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar keken abinci can a baranda. Auta ya rufe ido, ya yi dogon numfashi, ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka. Anti Sitati ta koma kujerarta tana ƙirga numfashin, ba don wani dalili ba.

Can ya ce, idon nan a rufe, "Yaya."

"Na'am."

"Ki ɗan kama min ƙafar dama. Ki matsa da ƙarfi. Kamar ina jin wani abu-abu."

Ta dubi hannunta. Yana kan ƙafar tun fitar likita, ta riƙe ta gam har yatsunta sun yi shati a fatar, shi kuwa bai sani ba. A hankali ta ɗauke shi, ta mayar kan cinyarta.

"Ba yanzu ba," ta ce. "An ce a bar su su huta."